Sinima, YouTube, dish ko shagon tura fim: ina ya kamata ka kai kuɗin kallonka a Kano?

Duk mai son kallo a garin nan ya san yanzu ba fim ne ya yi ƙaranci ba, fim kam ya yi yawa har ya fi ƙarfin mutum, abin da ya yi ƙaranci shi ne kuɗi da wuta da lokaci. Da can hanya ɗaya ce, ka shiga Ƙofar Wambai ko ka je wurin mai haya a unguwa ka ɗauko kaset, daga baya CD, a taru a tsakar gida a kalla. Tun fitowar fim ɗin Turmin Danya a 1990 haka aka taho har kasuwar CD ta mutu murus. Yanzu hanya ta rabu huɗu: ko ka je sinima, ko ka zuba data ka shiga YouTube, ko ka zauna gaban dish ka jira lokacin shiri, ko ka miƙa wa mai tura fim wayarka ya cika maka ita. A 'yan watannin nan na yi kallo ta dukkansu, kuma ina ganin mutane da yawa suna kashe kuɗi a inda bai dace da su ba, shi ya sa na ce bari in baje abin yadda na gan shi.

Ga abubuwan da nake aunawa da su kafin in ce wannan ya fi wancan. Na farko kuɗi, kuma ba kuɗin tikiti ko na data kaɗai ba, har da kuɗin adaidaita sahu da fetur ɗin janareta da cajin waya. Na biyu ɗorewa, wato abin da ka biya zai zauna a hannunka ko gobe babu shi, kuma labarin da ka fara bi za a ƙarasa shi ko za a bar ka a tsakiya. Na uku sauƙi. Na huɗu haɗari, ga wayarka da yaranka da kai kanka. Sai na biyar wanda mutane ba su cika kula da shi ba amma ni yana damuna ƙwarai: shin ko sisin kwabo daga abin da ka kashe yana isa hannun waɗanda suka sha rana suka yi fim ɗin?

Sinima

In dai daɗin kallo ake nema zalla to babu gardama, sinima ce. Manyanmu suna ba da labarin gidajen sinima irin su Plaza da Orion da Eldorado da Marhaba, mu kuwa da muka taso sai muka tarar sinima ta zama wurin da ake jin kunyar a ce an gan ka, sai bayan an buɗe Ado Bayero Mall a Zoo Road a 2014 aka samu sinima irin ta zamani da magidanci zai iya zuwa da iyalinsa, kuma a nan aka riƙa haska manyan fina-finan Kannywood musamman lokacin sallah. Fim ɗin Hausa na ƙarshe da na kalla a sinima labari ne na gado tsakanin 'yan uba, akwai wani wuri da dattijuwar gidan ta zauna bakin murhu tana gyara itace ba ta ce uffan ba alhali 'ya'yanta suna ta sa-in-sa a bayanta, wallahi har ƙarar itacen kana ji, zauren ya yi tsit, wata mata a layin bayanmu sai cewa ta yi "Allah sarki uwa". Na sake ganin wurin nan a waya daga baya, ko kusa bai taɓa ni haka ba, fuskarta ta koma 'yar mitsitsiya, sautin ma ya ɓace.

Amma fa ita ce mafi tsada nesa ba kusa ba. Tikiti kowa da nasa, in ku biyar ne sai ka ninka biyar, ga kuɗin mota zuwa da dawowa, ga yara ba za su wuce wurin gugguru da lemo su yi shiru ba. Mutumin da ke Kurna ko Rijiyar Lemo ko Ɗorayi sai ya yi lissafi sosai. Ɗorewa kuwa babu, ka kalla sau ɗaya shi ke nan ka fito hannu rabbana. Sannan ba kullum ake samun fim ɗin Hausa ba, galibi na Amurka ne da na Kudu da na Indiya, saboda furodusoshinmu da yawa sun koma yin fina-finai masu dogon zango, wato waɗanda ake saki kashi-kashi. Haɗarinta shi ne dare, tun 2022 aka sa dokar hana adaidaita sahu zirga-zirga daga ƙarfe 10 na dare, ga kuma matsalar ƙwacen waya da kowa ya sani, don haka in ba ka da abin hawa ka zaɓi haskawar rana ko ta yamma. Ta fuskar masu fim kuwa nan ne kuɗinka ya fi saurin isa gare su, tunda raba kuɗin tikiti ake yi tsakanin gidan sinima da mai fim.

YouTube

Nan kasuwar take yanzu, kuma nan zan fi daɗewa. Tun wajen 2020 da Izzar So ya kankama a tashar Bakori TV, Labarina na Aminu Saira ma ya samu karɓuwa, kusan kowane furodusa ya buɗe tasharsa. Fim ɗin kyauta ne, talla ce ke biyan mai shi, kai kuma data kake biya. To datar ce ba ta da sauƙi, musamman tunda hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025. Abin da da yawa ba su lura da shi ba shi ne ingancin hoton da suka bari a kai. In ka sa 360p awa ɗaya tana cin abin da bai wuce megabait ɗari uku da wani abu ba, in ka bar shi a 720p sai ya kai gigabait ɗaya ko ya wuce, kuma a 'yar fuskar waya bambancin bai taka kara ya karya ba. Mai bin fim uku ko huɗu a mako in ya saukar da shi 360p zai ga datarsa ta yi auki sosai. Wasu kuma datar dare suke saya mai arha su sauke fitowar makon su kalla da rana, in tashar ta ba da damar saukewa ke nan, sai dai abin da ka sauke a cikin manhajar YouTube ba naka ba ne har abada, sai kana haɗa shi da intanet lokaci zuwa lokaci, in mai tashar ya goge kuma ya tafi.

Sauƙi kam babu kamarsa. Kana layin mai, kana jiran kwastoma a Kantin Kwari, kin gama girki kin kwantar da yara, sai ki danna ki ci gaba daga inda kika tsaya. In ka samu tsohon fim mai zango biyar za ka iya farawa tun daga farko ba tare da ka roƙi kowa ba.

Inda nake da ƙorafi shi ne irin labarin da wannan hanyar take haifarwa. Tunda da yawan kallo da tsawon minti ake samun kuɗi, sai ka ga ana jan labari kamar ƙosai da ba a so ya ƙare a kasko. Akwai wani da na bi kwanan nan, zangon farko ya yi kyau matuƙa, labarin wata yarinya ce mai sayar da awara da take son komawa makaranta, maganganun sun zauna, Hausar ta fita tsaf irin ta cikin badala, 'yar wasan ma ta iya, ko yadda take ƙirga canji a bakin zaninta tana kallon ƙasa ya isa ka san halin da gidansu ke ciki. Da aka shiga zango na uku sai labarin makaranta ya ɓace ɓat, aka kawo wani Alhaji mai gidan bene da motoci, aka kawo kishiya, aka kawo boka, kowace fitowa minti goma na farko maimaicin ta makon jiya ne, sai a ɗaga kyamara sama a nuna mana gadar Ƙofar Nassarawa, a sake nuna ta, a saka tallar maganin gargajiya a tsakiyar kuka. Abin ya ba ni takaici don na so yarinyar nan, na so in ga ta zana jarabawa. Ba duka ne haka ba, akwai waɗanda marubutansu suka san inda za su tun kafin a fara ɗauka kuma za ka gane su tun fitowa ta uku, ba sa ɓata minti. Shawarata ita ce kar ka fara bin sabon fim sai ya yi zango ɗaya cikakke ka ji abin da mutane ke cewa.

Maganar ɗorewa ma akwai abin dubawa. Wani fim ɗin kuɗi ne ke yanke wa furodusa a tsakiya, wani jarumi ne zai yi rigima da darakta a canza fuska rana tsaka, wani kuma hukuma ce. A watan Mayun 2025 Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa tun 2001, ta dakatar da fina-finai masu dogon zango guda 22 a lokaci ɗaya a kan cewa ba a kai su an tace kafin a sake su ba, har da manya irin su Labarina da Daɗin Kowa. Duk wanda yake tsakiyar bin labari a lokacin ya san yadda abin yake. Haɗari kuwa na yara ne, don YouTube ba ya tsayawa a inda ka bar shi, fim yana ƙarewa zai jawo wani abin, in ka ba yaro waya ka fita ba ka san inda zai ƙare ba. Kuma a kula da tashoshin da suke kwafe fim ɗin wani su ɗora da sunan "sabon fitowa", in za ka kalla ka nemi tashar mai fim ɗin ta asali, datar da za ka ƙona ɗaya ce amma a can ne kallonka zai amfane shi.

Akwai kuma manhajojin biyan kuɗi irin su Northflix da Arewa24 On Demand da Netflix. Su biya biyu ne, ka biya kuɗin shiga ka kuma biya data, Netflix kuma fim ɗin Hausa a cikinta bai taka kara ya karya ba, ta fi dacewa da mai son na Koriya da na Turawa. Ba zan tsaya a kansu ba.

Dish

Wannan ita ce hanyar da nake ganin an raina ta alhali ta fi kowacce rufin asiri ga mai iyali. Arewa24 ta fara aiki a 2014, kuma ana kama ta kyauta a dish ba sai ka biya kuɗin wata ba, tana kuma kan StarTimes da DStv da GOtv ga mai biya. A nan Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Gidan Badamasi suka shiga kowane gida. Kuɗinta na farko ne mai nauyi, ka sayi faranti da risiba ka biya mai ɗaurawa, daga nan sai dai in iska ta juya farantin da damina ka kira shi ya saita. In ka raba kuɗin nan a kan shekarun da zai yi da yawan mutanen da ke kallo, babu hanyar da ta kai ta arha. Kuma kallo ne na taro, kaka da jikoki da matan gida da 'yan maƙwabta, ana yi ana sharhi, ana tsine wa mugu ana tausaya wa marainiya. Wani shiri na barkwanci da muka kalla haka a gidanmu, in ni kaɗai ne a waya da ƙyar zai sa ni murmushi, amma da yake Hajiyarmu tana wurin tana cewa "wannan ai halin kawunku ne sak", sai da muka yi dariya har da hawaye.

Matsalarta biyu ce, wuta da lokaci. In an ɗauke wuta daidai lokacin shiri to sai janareta, kuma tunda aka cire tallafin mai a 2023 kunna janareta don fim ɗin awa ɗaya ya zama abin da sai an yi shawara. Mai ƙaramar sola da talabijin marar cin wuta shi ya huta. Lokaci kuma ba naka ba ne, in kana kasuwa har bayan isha'i ya wuce ka sai dai maimaici. Ga talla mai yawa. Haɗari kuwa kusan babu, don abin da tasha za ta saka ita ta riga ta duba shi, kuma kowa yana gani a fili. Masu fim ma suna samu tunda tasha sayen shirin take yi ko ta ɗauki nauyinsa.

Shagon tura fim

Babu unguwar da babu su, daga Farm Centre har lungunan Fagge da Gwammaja, yaro da kwamfuta da igiyoyin waya rututu a kan tebur, ka ba shi 'yan canji ya zuba maka fim har memori ya cika. Ta fuskar kuɗi a hannu ita ce mafi arha, babu data, babu jiran netwok, kuma abin da aka tura maka ya zama naka, ka kalla sau goma, ka tura wa abokinka ta manhajar Xender. Ga wanda zai yi tafiya ƙauye ko mai gadi da zai kwana a zaune, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Nan ne kuma gidan fassarar Indiya, irin wadda su Algaita suka shahara da ita, da na Turkiyya da na Chana. Na kalli wani na kudancin Indiya kwanan nan, labarin ɗan sanda ne da masu satar yashi a kogi, faɗan ya wuce hankali kamar yadda suka saba, mutum ɗaya ya watsa arba'in, amma mai fassarar ya iya bakinsa, ya sa wa mugun karin maganar da ta dace da shi har ka manta ba Bahaushe ba ne. Awa kusan uku ban duba agogo ba. Wani kuma da aka haɗo min da shi hoton duk ya dushe, murya tana gaba baki yana baya, rabinsa ma babu.

To amma haɗarin nan ya fi na ko'ina. Wayarka kake miƙa wa wani a buɗe ya jona ta a kwamfutar da ta sha wayoyi ɗaruruwa, bairos yana iya shiga ya lalata maka memori, kuma hotunanka da na iyalinka suna gabansa. Mafi yawansu mutanen kirki ne masu neman halak, amma ba ka san kowa ba. 'Yan uwa mata musamman, don Allah kar ki ba da wayarki ki tafi ki dawo, ki sayi memori daban ko filas wanda babu komai a kai, shi za ki miƙa. Na biyu, ba ka san abin da za a haɗo maka da shi ba, sau da yawa "cika min" ake cewa, sai a zuba har da abin da ba za ka so yaro ya buɗe ba. Na uku shi ne wanda ya fi ci min rai: in fim ɗin Hausa ne aka sauke daga YouTube aka tura maka, mai fim bai samu ko kwabo ba, kallonka ma ba a ƙirga shi ba. Mutum ya ci bashi ya biya jarumai da mai kyamara da mai abinci, fim ya zaga gari kowa yana maganarsa, shi kuma yana rasa kuɗin zango na gaba, sannan mu dawo muna cewa fina-finanmu ba su da inganci.

Ga shi a taƙaice:

| Hanya | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi | Haɗari | Mai fim yana samu? |
|---|---|---|---|---|---|
| Sinima | Mafi tsada, kowa da tikitinsa | Kallo ɗaya | Sai ka fita, sai lokacinsu | Dawowar dare | Sosai |
| YouTube | Data, ya danganta da ingancin hoto | Yana nan sai in an goge | Mafi sauƙi | Yara, da labarin da ba a ƙarasawa | E, a tashar asali |
| Dish | Nauyi da farko, arha daga baya | Shekaru | Sai da wuta, sai lokacin shiri | Kaɗan ƙwarai | E |
| Tura fim | Mafi arha a hannu | Naka ne har memori ya lalace | Babu data, babu netwok | Bairos, sirrin waya, abin da ba ka zaɓa ba | Galibi a'a |

To wa ya kamata ya ɗauki wanne? Magidanci mai mata da yara, ko gidan da akwai tsofaffi, ka ɗaura dish, in da hali ka haɗa da 'yar sola, wannan kuɗin ba za ka yi da-na-saninsa ba. Ɗan kasuwa ko ma'aikaci ko ɗalibar da lokacinta ba a hannunta yake ba, YouTube ne naku, a sauke hoto zuwa 360p, a zaɓi fim biyu masu kyau a bi maimakon bakwai, kuma a kalla a tashar mai shi. Ango da amarya, ko wanda yake so ya fitar da iyali da sallah, ko aka ce wani babban fim ɗin Hausa ya fito wanda aka kashe wa kuɗi, ku je sinima ko sau biyu ne a shekara, ku shiga ta yamma ku fito da wuri. Mai son fassarar Indiya, da wanda zai je inda babu netwok, da wanda kuɗin data ya fi ƙarfinsa gaba ɗaya, shagon tura fim zai yi maka, ka je da memori daban, ka faɗi sunan abin da kake so ɗaya bayan ɗaya, ka tsaya a wurin har a gama. In kuwa fim ɗin Hausa ne da ke kan YouTube kuma kana da halin datar ko ta dare ce, ka bar shi a can ka kalla.